Jarumin da Ya Zo a Takardar Ƙosai

Yanzu in ka sayi ƙosai a Kazaure, a baƙar leda ake ƙulle maka shi. Kafin ka kai gida ya yi gumi ya saki, ka ci, ka yar da ledar, iska ta ɗauke ta ta rataye a kan ƙaya. Ba zan ce ƙosan zamaninmu ya fi na yau daɗi ba, waken dai shi ne, man ma shi ne. Abin da ya tafi takardar ce. A zamaninmu ƙosai a takarda yake zuwa, kuma kowace iri aka samu: tsohuwar jarida, littafin da 'yan makaranta suka gama da shi, takardun ofis da ba wanda ya damu da abin da ke jikinsu. Daga Kano ake kawo su ɗauri-ɗauri, a sayar wa masu suya da masu tsire, su yanyanka daidai buƙata. A cikin irin wannan ɗaurin ne wasu takardu masu launi suka fara iso mana, a shekarun da arzikin mai ya buɗe, sababbin motoci suka fara shiga ƙauyukan da a da jaki kaɗai ya san hanyarsu.

Gwaggo Hajara maƙwabciyarmu ce ke suya a bakin lungunmu. Tun kana kan shimfiɗa kake jin ta: bugun ƙullu a ƙwarya, ƙarar mai idan ta saka na farko, sai kuma wani sauti da har yau kunnena bai manta ba, na wuƙa tana bi ta kan tarin takarda a bisa kifaffen turmi. Shafi guda takan raba shi biyu, wani lokaci huɗu, ba ruwanta da abin da ke jiki. Ni da abokina Haladu, lokacin gemu ya fara tsiro mana, mukan tsuguna a gefen tarin muna tonawa kafin a zuba mana.

"Ku dai ban san ko ƙosai kuke zuwa saye ko takarda ba," in ji ta. "To ku zaɓa da sauri, man nan ba jiranku yake ba."

Idan muka samu wadda muke so ba ma yarda mai ya taɓa ta. Sai mu tara tafin hannu a zuba mana ƙosan da zafinsa, muna ci muna hura yatsu, takardar kuwa tana cikin aljihu.

Mutane ne a jikin takardun, amma ba hoto aka ɗauke su ba kamar na jarida, da hannu aka zana su. Ƙarti ne majiya ƙarfi, da kaya matsattsu kamar a cikinsu aka haife su, wasu da alkyabba a baya, wasu sun rufe fuska sai idanu. Akwai mai sa ɗan kamfai a kan wando, wanda ya daɗe yana ba mu dariya kafin mu saba da shi. Suna tashi sama ba fiffike, suna ɗaga mota da hannu ɗaya, su naushi bango ya tarwatse. Maganarsu a cikin wani farin da'ira ake rubuta ta kusa da baki, da Turanci, mu kuwa allo muka yi, Haladu ne ma ya ɗan leƙa elemantare ya fito. Ko da mun iya Turancin, wuƙar Gwaggo ba ta barin magana ta kai ƙarshe. Ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba mu taɓa riƙe labari guda daga farko har ƙarshe ba. Zanen kaɗai muke da shi, don haka shi muka koyi karantawa.

A hankali muka gane ba hannu ɗaya ke yin su ba, muka kuma raɗa wa masu hannun suna, tunda ba mu san nasu ba. Akwai Mai Gawayi. Shi baƙi yake zubawa ba tausayi, inuwa ta cinye rabin fuska, dunƙulen hannu ya fito da kusurwa kamar bulo, mutanensa kuma kai ka ce daga duwatsun garinmu aka sassaƙo su. Akwai Mai Allura, mai siririn layi, wanda ke bin jijiya ɗaya bayan ɗaya, ya nuna maka inda alkyabba ta ninku da inda iska ta shiga ƙarƙashinta. Akwai kuma wani da muke kira Malalaci, don duk mutanensa fuska ɗaya gare su, kuma da ya zo kan ƙafa sai ya ɓoye ta a bayan hayaƙi ko dutse, mun gano bai iya ta ba ne. Da yamma mukan hau dutse mu baje abin da muka tara, mu danne da tsakuwa, mu yi ta musu. Haladu ɗan goyon bayan Mai Gawayi ne. Yakan ce in mutumin Mai Gawayi ya kai naushi, kai da ke riƙe da takardar sai ka kauce. Ni kuwa nakan ce ƙarfi ba wuya, kowa ya iya zuba baƙi, Mai Allura ne ya san jikin ɗan Adam. A kan abu ɗaya kawai muka yarda da juna, wato launin. In ka kawo takardar dab da ido sai ka ga ɗige-ɗige ne kamar an shanya gero, in ka ɗan janye ta sai ɗigon su haɗu su zama sararin sama. Wannan dabara ta daɗe tana ɗaure mana kai.

Ba a banza na fi karkata ga siririn layi ba. Sana'ar gidanmu zanen hula ce. Mahaifina ke zana wa masu ɗinki fasali a kan farin yadi, su kuma su bi da zare, ni ma tun ina ƙarami a gefensa na tashi da fensir. Zanen hula ba shi da sama ba shi da ƙasa a hannun mai yinsa. A cinya kake juya ƙyallen, duk gefen da ya fi maka daɗin jan layi nan ne gabanka. In Baba ya ga na karkace ina bin layi sai ya ce, "Juya aikin, kada ka juya wuyanka." Ya taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin takarduna ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini ya ce hannu dai akwai, amma shi bai ga amfanin zanen da ba a ɗinkawa ba a sawa ba. Bai hana ni ba, bai kuma ƙara tambaya ba. Ni a raina na gaji da hula. Aiki ne da ke tanƙwara baya ya cinye ido, kuma in ka gama, mai ɗinki ake yabawa. Burina in zama mai zanen mota, aikina ya bi titi kowa ya gani.

Jikokina yanzu suna kallon irin waɗannan jarumai a waya, suna motsi suna magana, har da kiɗa. Sun san sunan kowa da sunan abokin gabansa. Na taɓa tsayar da ɗaya daga cikinsu na ce ya duba yadda aka yi kafaɗar nan, ya ce, "Kaka, ai sai ya wuce." Ya kuwa wuce. Ban ga laifinsu ba, abin da aka ba su ke nan, gudu yake ba ya tsayawa. Mu rashi ne ya koya mana kallo. Wanda ba shi da komai sai rabin shafi, yakan yi wata guda a kansa.

Akwai wani rabin shafi da ya fi kowanne. Babu rubutu a jikinsa ko harafi ɗaya, babu gini, babu ƙasa, wuƙar Gwaggo ta tafi da duk wannan. Sararin sama ne kawai, da mutum guda da ya cika takardar. Hannun Mai Allura ne, ko daga nesa za ka sani. Hannu ɗaya a miƙe ya wuce kai, yatsu a buɗe, baya ya ɗan lanƙwashe, baki a buɗe, jar alkyabba ta bi ƙafafu. Na ɗora ta a cinya na jujjuya kamar yadda na saba, har ta zauna mini daidai, kai a sama, hannu yana neman taɓo gajimare. Tsikar jikina ta tashi. Ban taɓa ganin zane mai rai irin wannan ba. Ko Haladu da ya gani cewa ya yi yau dai ya sallama. Na kwaikwaye shi a ƙasa, na kwaikwaye shi a kwali, har hannuna ya haddace shi.

Ana nan Haladu ya shiga bin mota, ya zama direba a wurin wani falke na Babura, Alhaji Ɗanjuma, mai safarar shanu da hatsi daga bakin iyaka zuwa kudu. Alhaji ya sayi sabuwar babbar mota mai bodin katako, wasu biyu kuma suna hanya. A lokacin ba a barin ƙyauren bayan mota haka nan. Wani ya sa zaki, wani dawisu, wani furanni, da shi ake gane mota tun daga nesa. Haladu ya tsaya mini tsayin daka, ya ce wa maigidansa akwai wani a Kazaure da zai yi masa abin da ba a taɓa gani ba a hanyar. Na je na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa kwafin da na yi a kwali. Ya dube shi, ya dube ni.

"Wannan tashi sama yake?"

"Tashi yake, ranka ya daɗe."

"Madalla. Abin da ake so ga mota ke nan. In ta yi kyau, sauran biyun ma kai za ka yi."

Na san abin da wannan maganar take nufi. Wanda ya yi wa Alhaji Ɗanjuma mota uku ba zai ƙara zaman zanen hula ba.

Kwana shida na yi a garkarsa, a ƙarƙashin wata darbejiya. Na ja layuka suka ba da ƙananan gidaje irin na dara a kan takardar da fensir, na shafa wa zare gawayi na ɗame shi a kan katakon na tsinka, manyan gidaje suka fito, na riƙa ɗauko abin da ke kowane ƙaramin gida ina kai shi babba. Warin fenti da kananzir ya kama rigata har abinci ina jin sa. Sararin saman kuwa ban shafe shi da buroshi ba. Karan dawa na yanka, ina tsoma bakinsa a shuɗin fenti ina dangwalawa, ɗigo bayan ɗigo, yini biyu cur, don in ka ja baya su haɗu kamar na takardar. Mutane sukan tsaya su yi kallo, masu kai shanu kasuwa har sukan manta da shanun.

A ɗaya gefen garkar ana haƙa rijiya. Mai haƙar wani dattijo ne daga Roni, Baba Tanko, siririn mutum mara yawan magana. In azahar ta yi a jawo shi da igiya, ya fito duk laka, ya wuce ta gabana zuwa wurin alwala. Kullum sai ya ɗan tsaya ya dubi aikin, ya ce sannu, ya wuce. A rana ta shida, na gama na ja baya ina goge hannu, Haladu na gefena yana ta washe baki, sai dattijon ya tsaya ya daɗe fiye da yadda ya saba.

"Samari, aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma me ya sa ka kifa shi?"

"Wa na kifa, Baba?"

"Mutumin naka. Ai faɗowa yake."

Haladu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, tashi yake. Irin mutanen nan ne na Turawa masu tashi sama."

"Ban san mutanen Turawa ba," in ji Baba Tanko. "Amma mai tashi ba ya buɗe yatsu haka. Wannan abin kamawa yake nema. Dubi bayansa, dubi ƙafafun, kowace ta kama gabanta. Ina cikin rami na taɓa ɗaga kai na ga mutum yana zuwa da ka. Haka ake zuwa."

Bai jira amsa ba, ya wuce wurin butarsa.

Na ciro takardar daga aljihu na juya ta, kai ya koma ƙasa. Ban buƙaci a ƙara mini bayani ba. Inuwar da na daɗe ina mamakin me ya sa take saman haɓa maimakon ƙarƙashi, sai ga ta ta zauna inda rana za ta ajiye ta. Bakin da nake ɗauka kirari yake, ihu ne. Mai Allura bai ɓoye komai ba, duk ya faɗa a cikin layinsa, ni ne na juya aikin zuwa gefen da ya yi mini daɗi. Shekara nawa ina fahariyar na fi Haladu ido, ga wanda bai taɓa riƙe fensir ba ya karanta shi a tsaye. Kunya ta kama ni, amma tare da ita na ji girman mai zanen ya ƙaru a raina. Ashe wannan rai da nake gani a jikin hoton tsoro ne, kuma an zana shi daidai har ya ratso teku, ya ratso wuƙar Gwaggo, bai zube ba.

Haladu ya ja ni bayan mota. "Kai, rufa mana asiri. Wa ya ji ban da mu? Baba Tanko ba mai surutu ba ne. Dunƙule masa hannun kawai, ka ɗan rufe bakin, shi ke nan ya zama mai tashi. Ni fa na kawo ka."

Na gwada. Na ɗauki buroshi na naɗe yatsun suka zama dunƙule. Da na ja baya sai na ga an ɗaura hannun wani a jikin wani. Kafaɗa tana cewa abu ɗaya, hannu yana cewa wani, mutumin ya mutu a kan katako ya zama gunki. Tun fentin bai bushe ba na jiƙa tsumma da kananzir na goge, na mayar da yatsun yadda suke. Haladu yana tsaye yana kallona.

Bayan la'asar Alhaji ya fito tare da baƙinsa biyu. Suka tsaya, suka matso, suka ja baya, suka yi ta mamakin ɗigon nan. Alhaji ya ce ko a Kano bai ga irin wannan ba. Baba Tanko yana can ƙasan rijiya, ana jin bugun digarsa kaɗan-kaɗan. Ba wanda zai tona.

"To, mai zane," in ji Alhaji, "faɗa wa baƙina. Ina ya nufa haka?"

Ina ma in ce tsoron Allah ne ya buɗe bakina, da na fi kowa so. Gaskiyar ita ce na kasa yi wa hannun Mai Allura ƙarya bayan na gane abin da ya faɗa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure na yi. Ba tashi yake ba, faɗowa yake. Ni na juya takardar ban sani ba."

Na miƙa masa ita a yadda ya kamata a riƙe ta. Ya duba, ya karkata kai ya dubi motar, ya sake duban takardar. Bai yi faɗa ba, ba mutum ne mai ɗaga murya ba.

"Allah ya yi maka albarka da ka faɗa," ya ce. "Amma motar da za ta ɗauki dukiyar mutane da rayukansu ba za ta bi hanya da mai faɗuwa a bayanta ba. Shafe shi. Kore za ka sa, kore kawai."

Sauran motocin biyu wani mai fenti aka ɗauko daga Kano ya yi musu dawisu. Labari ya bi tasha cewa ɗan Kazaure ya zana wa Alhaji mutum a kife, ba wanda ya ƙara nemana. Haladu ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwata, daga baya muka shirya, bai kuma taɓa ɗauko zancen ba har ya rasu. Na koma gefen mahaifina da fensir da farin yadi, a nan idona ya ƙare. Ba na cewa na yi daidai ko ban yi ba, abin da ya faru ke nan.

Washegarin ranar da Alhaji ya ce a shafe, da safe na yi shafen. Daga sararin saman na fara, ɗigon da suka ci mini yini biyu buroshi mai faɗi ya share su kafin shayi ya huce. Na bi alkyabba, na bi ƙafafu, na bi baya da fuska. Ya rage hannun kaɗai a tsakiyar kore, yatsu biyar a buɗe. Na tsoma buroshi ke nan sai na ji an ce, "Dakata, samari."

Baba Tanko ne, da igiya ɗaure a ƙugu, bai riga ya shiga rami ba. Ya matso dab da katakon ya tsaya, ya daɗe yana kallon hannun. Fenti yana ɗiga daga buroshi a kan ƙafata, ban motsa ba.

"Wanda na ga ya faɗo ɗin, ƙanena ne," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba. "Na miƙa nawa hannun ban kai ba."

Ya gyara ɗaurin igiyarsa.

"To, rufe shi."

Na rufe.